Hidimar tsara filin wasan yara da kasafinsa: abin da kamfani ke yi da kyau da abin da yake bar wa kwamiti

Kamfanonin da ke sayar da kayan filin wasan yara sun daina tsayawa a kan sayar da lilo da abin zamiya kawai. Da yawansu yanzu suna gabatar wa makarantu da ƙungiyoyin unguwa hidima guda dunƙulalliya, wato su zo su auna fili, su zana yadda zai kasance, su fitar da ƙiyasin kuɗi, su taimaka wajen neman tallafi, sannan su kawo kayan su kafa. Irin wannan hidimar ce kwamitinmu ya nema lokacin da ya ƙudiri samar da filin wasa wanda ɗaliban firamare da yaran unguwa za su riƙa amfani da shi tare, kuma da yake ni ne ma'ajin kwamitin, duk takardar da ta shafi kuɗi ta bi ta hannuna. Ban ambaci sunan kamfanin ba domin tsarin da ya bi kusan shi ne takwarorinsa ke bi, kuma abin da zai amfani mai karatu shi ne sanin inda irin wannan hidima take da ƙarfi da inda take da rauni. A ganina hidimar ta cancanci a neme ta saboda sanin makamar aiki da take zuwa da shi, amma ɓangarenta na neman kuɗi bai kai yadda ake tallata shi ba, kuma ta yi shiru a kan kuɗin da filin zai ci gaba da ci bayan an buɗe shi, alhali wannan kuɗin ne rashinsa ke mayar da filin wasa kufai tun bai tsufa ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne wakilin kamfanin ya ƙi faɗin ko da ƙiyasin baka kafin ya ga filin da idonsa. Da ya zo, bai buɗe littafin hotunan kayansu ba sai da ya gama tambayoyinsa: shekarun yaran da za su yi wasa, yawan waɗanda za su iya taruwa a lokaci guda, ko akwai babban da zai riƙa sa ido a kansu, da kuma ko za a bar filin a buɗe bayan an tashi daga makaranta. Ya duba gangaren ƙasa, ya tambayi inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama, ya nemi sanin ko akwai bututun ruwa ko wayar lantarki a binne, sannan ya lura da inda rana ke bugawa da tsakar rana, domin abin zamiya na ƙarfe da ya sha rana yana iya ƙona fatar yaro. Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tana da alaƙa da kuɗi. Fili mai gangare yana buƙatar a daidaita shi, fili mai riƙe ruwa yana buƙatar magudana a ƙarƙashinsa, filin da jama'a za su shiga dare da rana kuma yana buƙatar kaya masu ƙwari fiye da wanda ke cikin katangar makaranta. Ya kuma shawarce mu da mu raba wurin 'yan shekara 2 zuwa 5 da na 'yan shekara 5 zuwa 12, kamar yadda jagoran hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka, wato CPSC, ya tanada, saboda tsayin matakala da faɗin abin riƙewa da ya dace da babban yaro yana iya zama haɗari ga ƙarami.

Zanen da suka aiko daga baya kyakkyawa ne ƙwarai, mai launuka, wanda ke nuna filin kamar an riga an gina shi, kuma ya yi mana amfani sosai wajen nuna wa iyaye da masu ba da gudunmawa abin da ake nufi. Sai dai zanen farko ya zarce iyakar kuɗin da muka faɗa musu tun farko, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ce da ya kamata kowane kwamiti ya shirya mata, domin da zarar mutane sun ga hasumiya mai gada da rufi a takarda, rage ta yakan zama tamkar an ƙwace musu wani abu da suka riga suka mallaka. Shawarata ita ce kada a nuna wa taron iyaye kowane zane sai wanda aka tabbatar kasafi zai ɗauke shi.

Takardar ƙiyasin kuɗi ce zuciyar wannan hidima, kuma a nan ne na fi ganin amfaninta. Wanda bai taɓa yin irin wannan aiki ba yana ɗauka cewa farashin da ke rubuce a ƙarƙashin hoton lilo shi ne abin da zai biya, ko kuma abin da ya ɗan ɗara haka. A ƙiyasin da aka ba mu, kuɗin kayan wasan kansu bai wuce rabin jimillar da kaɗan ba. Sauran ya tafi ne ga dakon kaya, da share fili da daidaita shi, da haƙa ramuka da zuba kankaren da zai riƙe ginshiƙai, da ladan masu kafawa, da shimfiɗar ƙasa mai tare faɗuwa, da dakalin da zai kewaye shimfiɗar, da haraji. Takardar farko da suka aiko ta dunƙule waɗannan duka a layi biyu ko uku, abin da ban gamsu da shi ba, amma da muka nemi a rarraba mana kowane abu da farashinsa, sun yi hakan ba tare da jan ƙafa ba. Rarrabawar tana da muhimmanci saboda dalilai biyu. Na farko, ita ce kaɗai hanyar da za a iya gwada ƙiyasin kamfani ɗaya da na wani, domin kamfanin da ya fi araha a jimilla sau da yawa ya bar shimfiɗar ƙasa ko kwashe ƙasar da aka haƙa a wajen lissafinsa ne. Na biyu, sai an ga aikin daki-daki ake gane wane ɓangare ne jama'a za su iya ɗauka da ƙarfinsu ko da kayan aikinsu, wane ne kuma dole a bar wa ƙwararru.

Shimfiɗar ƙasa ita ce abin da kwamitoci suka fi son ragewa idan kuɗi ya gaza, domin ba ta ɗaukar ido kamar hasumiya ko lilo, kuma a nan wakilin kamfanin ya tsaya tsayin daka, wanda na yaba masa a kai. Faɗowa daga kan kayan wasa shi ne babban sanadin raunukan da yara ke samu a filin wasa, kuma munin raunin ya dogara ne a kan abin da yaron ya faɗa a kansa. Kankare da kwalta da busasshiyar ƙasa mai tauri ba su dace a ƙarƙashin abin hawa ba. Ƙa'idojin Turai masu lamba EN 1176 da EN 1177 sun wajabta shimfiɗa mai tare faɗuwa idan tsayin da yaro zai iya faɗowa daga gare shi ya haura santimita 60, kuma ba su yarda tsayin ya wuce mita 3 ba. Jagoran CPSC, wanda aka fara bugawa a 1981 aka kuma yi ta sabunta shi, ya ba da alƙaluman da ke nuna bambancin shimfiɗu ƙarara: yashi mai zurfin kimanin santimita 23 yana kare faɗuwa ne daga tsayin da bai wuce kusan mita 1.2 ba, ƙananan tsakuwa masu santsi a wannan zurfin suna kai wa kusan mita 1.5, gutsattsarin katako kuwa suna kai wa kusan mita 3. Jagoran ya ƙara da cewa irin wannan shimfiɗa tana danƙarewa da amfani, don haka sai an zuba kimanin santimita 30 kafin a samu 23 bayan ta kwanta. Ma'anar wannan ga mai riƙe da kasafi ita ce, duk ƙarin tsayin da aka zaɓa a hasumiya yana jawo ƙarin kuɗi sau biyu, na ƙarfen da aka ƙara a sama da na shimfiɗar da dole a ƙara a ƙasa.

Faɗin wurin ma haka yake. Kowane abin wasa yana buƙatar sarari a kewayensa wanda ba a sa komai a ciki ba, kuma duk wannan sararin sai an yi masa shimfiɗa. Jagoran CPSC ya sa mafi ƙarancinsa kimanin mita 1.8 ta kowane gefe, amma lilo ya fi haka cin wuri, domin ana so a bar ninki biyu na tsayin sandar da aka rataye shi, ta gaba da ta baya. Lilon da sandarsa ke da tsayin mita 2.4 zai buƙaci kusan mita 10 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don haka abin da ya fi komai araha a littafin hotuna yana iya zama cikin waɗanda suka fi tsada idan aka haɗa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, idan za a zuba masa shimfiɗa mai zurfin santimita 30, zai ci abin da ya kai kubik mita 30, kuma wannan lodi ne na manyan motoci, da kuɗin dakonsa da na bazawa. Wakilin ya zauna da mu ya yi wannan lissafi a fili, kuma daga nan ne muka rage tsayin hasumiyar muka kuma matso da wasu kayan kusa da juna a inda ƙa'ida ta yarda sararinsu ya haɗu.

Inda na fara ganin fuskar ɗan kasuwa a hidimar shi ne wajen zaɓi tsakanin shimfiɗar roba da ake zubawa ta daskare da shimfiɗar gutsattsarin katako. Kamfanin ya karkata ga robar, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne: ba ta watsewa, ba ta ɓoye kwalba ko ƙusa, kuma keken guragu yana bi ta kanta ba tare da nutsewa ba, abin da yashi da tsakuwa ba sa bari. Batun yara masu buƙata ta musamman ba ƙaramin abu ba ne, domin a wasu ƙasashe doka ce, kamar yadda ƙa'idojin Amurka na 2010 kan sauƙaƙa wa naƙasassu shiga wuraren jama'a suka haɗa har da filayen wasa, kuma ko inda doka ba ta tilasta ba, filin da wani yaro zai tsaya a bakinsa yana kallon 'yan'uwansa bai cika manufarsa ba. Abin da ba a faɗa mana ba sai da muka tambaya shi ne robar tana da nata wa'adin, tana tsagewa a gefuna, tana sudewa a ƙarƙashin lilo, tana ɗaukar zafi sosai a rana, gyaranta kuma sai ƙwararre, kuma ranar da za a sauya ta gaba ɗaya kuɗi ne mai nauyi a lokaci guda. Gutsattsarin katako sun fi ta araha da nisa a farko, amma suna buƙatar a riƙa baje su da ƙara su lokaci-lokaci. Mun ƙare da haɗa biyun, roba a kan hanyoyin shiga da wurin kayan da keke zai isa gare su, katako a sauran wurin. Kamfanin ya karɓi wannan tsari ya kuma zana shi da kyau, amma daga gare mu shawarar ta fito, ba daga gare su ba.

Akwai tambayar da wani ɗan kwamiti ya yi wadda nake jin kowane kwamiti mai ƙaramin ƙarfi zai yi: me zai hana a ba mai walda hoton kayan ya ƙera irinsu a kan kuɗi kaɗan? Amsar da wakilin ya bayar ta gamsar da ni, duk da cewa yana da moriya a cikinta. Haɗarin kayan wasa yakan ɓoye ne a awon da ido ba ya lura da shi. Duk kafar da faɗinta ya faɗa tsakanin kimanin santimita 9 da 23 tana iya barin jikin ƙaramin yaro ya wuce ta riƙe kansa, wanda hakan kan kai ga shaƙewa. Kan noti da ya fito waje ko ƙaramar tsaga a saman abin zamiya na iya kama igiyar riga ta shaƙe wuya. Fenti mai darma guba ne ga yara, kuma katakon da aka jiƙa da maganin gara mai sinadarin asanik mai guba an daina amfani da shi a kayan gida da na wasa a Amurka tun ƙarshen 2003. Ƙwararren mai walda zai iya yin benci da shinge da rumfa, kuma mun ba da waɗannan a waje mun samu rangwame, amma abin da yaro zai hau sama a kansa gwamma a saye shi daga inda aka gwada shi bisa ƙa'ida irin EN 1176 ko takwararta ta Amurka ASTM F1487. Kamfanin ya ba mu takardun shaidar gwajin kowane abu da muka zaɓa, kuma ina shawartar kowa ya nemi nasa kafin ya biya kafin alƙalami, ya kuma tabbatar lambar da ke kan takardar ita ce ta abin da zai saya.

Taimakon neman kuɗi shi ne ɓangaren da aka fi kwarzantawa a tallar hidimar, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Abin da muka samu a zahiri jerin sunayen gidauniyoyi ne da hukumomi masu ba da tallafi, da samfurin wasiƙar neman taimako, da 'yan shawarwari kan shirya taron tara kuɗi. Jerin ba a tace shi daidai da yanayinmu ba, domin wasu daga cikin masu tallafin ba sa ba makarantu, wasu kuma lokacin karɓar takardunsu ya riga ya wuce. Samfurin wasiƙar an rubuta shi da kyau, har ya kafa hujja da sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wanda ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa, amma wasiƙa ce da ɗaruruwan masu nema za su iya aikawa ba tare da sauya komai ba sai suna. Mai tantance takardun tallafi yana neman abin da ba kamfani ne zai rubuta shi ba: yara nawa ne za su amfana, ina suke wasa a yanzu, wane ne ya mallaki filin, wa zai kula da shi bayan shekara biyar, kuma nawa jama'ar wurin suka riga suka tara da kansu. Waɗannan amsoshi mu muka zauna muka haɗa su, muka tambayi yaran abin da suke so, muka karɓi wasiƙun goyon baya daga iyaye da hukumar makaranta, kuma takardar da ta yi nasara ita ce wadda muka rubuta daga tushe.

Abin da ya fi wannan buƙatar a yi hattara da shi shi ne abin da kamfanin ya kira tallafinsa na kansa, inda ya ce zai biya daidai da abin da muka tara har zuwa wani adadi. Da na karanta sharuɗɗan sai na ga ragi ne a kan farashi aka sa masa sunan tallafi. Ragin ya shafi wasu zaɓaɓɓun kaya ne kawai, ana lissafa shi a kan cikakken farashin da ke littafi, bai shafi dako ko kafawa ko shimfiɗa ba, kuma yana da ranar ƙarewa ta kusa. Idan kayan wasa su ne rabin kuɗin aiki, ragin rabin farashinsu rubu'in jimillar ne kawai, kuma ko wannan rubu'in sai an gwada shi da farashin da wani kamfani zai bayar ba tare da wani suna ba kafin a san girmansa na gaskiya. Ban ce ragin ba shi da amfani ba, mun ma ci moriyarsa a kan abu guda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ranar ƙarewar da ke tura kwamiti ya sa hannu a kwangila tun bai tara kuɗin ba, domin kwamitin da ke riƙe da amanar gudunmawar jama'a ba shi da ikon ɗaukar alkawarin da ba ya da tabbacin cikawa.

Haka kuma ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayanin sharuɗɗan da kan zo da tallafi na gaskiya, kuma da hidimar ta yi wannan da ta cancanci sunanta. Wasu masu tallafi ba sa ba da kuɗi sai an kashe an kawo rasit, wanda ke nufin sai kwamiti ya samo inda zai fara biya. Wasu suna so mai nema ya kawo nasa kason, kamar asusun Amurka na adana ƙasa da ruwa da aka kafa da dokar 1964, wanda ke biyan abin da bai wuce rabin kuɗin aiki ba, kuma yana wajabta filin ya ci gaba da zama wurin shaƙatawar jama'a har abada. Wasu kuɗaɗen kuma sunansu yana nuna kamar sun dace alhali ba su dace ba: kuɗin da gwamnati ta fara ba makarantun firamare na Ingila a 2013 don bunƙasa wasanni da motsa jiki, ƙa'idojinsa sun hana a kashe shi a manyan ayyukan gine-gine. Da yawan masu tallafi ba sa biyan aikin da aka riga aka fara kafin su amince, don haka gaggawar sa hannu tana iya jawo asarar tallafin gaba ɗaya. Sannan akwai matsalar lokaci, domin takardar ƙiyasi tana da ɗan gajeren wa'adi, amsar masu tallafi kuma takan ɗauki watanni, farashin ƙarfe da na dako kuwa ba ya jira. Mun ware kuɗin ko-ta-kwana a kasafinmu saboda wannan, kuma da amsar tallafin ta iso, wani ɓangare nasa ne ya cike giɓin da ya samu tsakanin tsohon ƙiyasi da sabo.

Shawara guda da ta fito daga kamfanin wadda ta taimaka mana ainun ita ce a raba aikin kashi-kashi. Sun zana filin gaba ɗayansa, suka nuna abin da za a yi a zangon farko da abin da zai jira, suka kuma nace cewa a kammala daidaita ƙasa da magudanar ruwa na dukkan filin tun a farko, don kada a dawo da manyan injuna su tattake abin da aka riga aka gama. Wannan ya ba mu damar buɗe ɓangaren ƙananan yara da kuɗin da ke hannu, kuma ganin aikin a ƙasa ya sa waɗanda suka yi jinkirin ba da gudunmawa suka miƙo tasu. Sun kuma yarda jama'a su yi wani ɓangare na aikin da hannunsu a ƙarƙashin kulawar ma'aikacinsu, tsarin da ƙungiyar KaBOOM! ta Amurka, wadda aka kafa a 1996, ta yi suna da shi, inda 'yan sa-kai ke taruwa su kafa filin wasa cikin yini guda bayan an yi makonni ana shiri. A namu aikin, iyaye da matasa sun yi share fili, da baza gutsattsarin katako, da fentin shinge, ma'aikatan kamfanin kuma suka yi ginshiƙai da ɗaurin sassan da ke ɗaukar nauyi. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi a rubuta masa cewa aikin 'yan sa-kai ba zai soke garanti ba, ya kuma tambayi kamfanin inshorarsa ko yana ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni a ranar aiki.

Babban giɓin hidimar shi ne kuɗin kulawa. A duk takardun da aka ba mu babu layi ɗaya da ya nuna abin da filin zai riƙa ci a shekara, kuma wannan ba abu ne da kamfanin bai sani ba, tunda shi ke sayar da kayan gyaran. Sashen EN 1176 da ya shafi kulawa ya kasa duba fili gida uku: dubawar ido ta yau da kullum don gano fasasshiyar kwalba ko abin da ya karye, dubawar aiki duk bayan wata 1 zuwa 3 don gwada ƙwarin kusoshi da sassan da ke motsi, da kuma babban bincike sau ɗaya a shekara wanda ƙwararre zai yi. Sarƙar lilo tana cinyewa, mazauninsa yana tsagewa, igiyar hawa tana tsinkewa a hankali, gutsattsarin katako suna raguwa a daidai inda ƙafafu ke sauka, wato inda aka fi buƙatarsu. Masu tallafi kuma galibi sun fi son biyan sabon gini da za a yi bikin buɗewa a kan biyan gyara, saboda haka nauyin kulawa yakan koma kan makaranta ko ƙungiya ne ba tare da an shirya masa ba. Garantin da aka yi ta ambata a lokacin ciniki, da na karanta shi a tsanake sai na ga dogon wa'adin ya shafi ginshiƙan ƙarfe ne, sassan da ke motsi wa'adinsu gajere ne, ɓarnar ganganci da sudewar yau da kullum ba sa ciki, ladan wanda zai zo ya sauya abin da ya lalace ma ba ya ciki, kuma duk garantin yana tsayawa ne a kan sharaɗin a riƙa ajiye rajistar dubawa. Mun buƙaci su ba mu farashin kayan gyaran da aka fi sauyawa, muka buɗe asusu na daban don kulawa, muka kuma amince cewa wani kaso na duk gudunmawar da ta shigo zai riƙa faɗawa cikinsa. Ya kamata a ce wannan yana cikin shafin farko na ƙiyasin da kowane kamfani ke bayarwa.

Kafa kayan kansa ya tafi lafiya. Sun iso a makare kaɗan daga ranar da aka yi alkawari, amma an sanar da mu tun da wuri, ma'aikatan sun killace wurin da kyau don kada yara su shiga kafin kankare ya bushe, kuma sun kwashe tarkacensu.

A kan biyan kuɗi, kamfanin ya nemi kafin alƙalami mai kauri, sauran kuma a biya ranar da aka gama kafawa. Mun nemi a sauya wannan a kwangilar ta yadda za mu riƙe kason ƙarshe har sai mai bincike mai zaman kansa, wanda mu muka ɗauko muka kuma biya daga kasafinmu, ya duba filin ya ba da rahoto a rubuce. Da farko sun ce nasu binciken ya wadatar, amma da muka nuna cewa wanda ya yi aiki bai dace ya zama shi kaɗai ne mai shaidar ingancinsa ba, suka amince. Rahoton ya gano cewa zurfin shimfiɗa a bakin abin zamiya bai kai yadda aka rubuta ba, da kuma wasu kawunan noti da ba a rufe ba, kuma kamfanin ya dawo ya gyara duka cikin ɗan lokaci ba tare da ƙarin caji ba, sannan muka saki sauran kuɗin.